Ranar da Duna Ya Daina Haushi

Kawuna yana da lambu a bakin fadama, bayan gari, inda yake noman albasa da tumatir da rani, ga 'yan tumaki a turke, ga ɗan ɗakin injin ban-ruwa. Shekara 12 wani baƙin kare mai farin ƙirji yana kwana a bakin dangar lambun nan. Duna ake ce masa. Na san shi tun ranar da aka kawo shi cikin kwali a bayan keke, ɗan kwikwiyo, kunnuwansa sun fi kansa girma. A tsawon shekarun nan ba a taɓa kwance wa Kawu tunkiya ba, ba a taɓa ɗaga masa inji ba, alhali maƙwabtansa na fadama an yi musu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wata damina ma Duna ne ya tare gamsheƙa a ƙofar bukkar da yara ke fakewa, ta tofa masa dafi a ido, ya kwana uku idon a kumbure, amma bai bar ta ta shiga ba.

Tsufa bai sauko masa rana ɗaya ba. Furfura ce ta fara fito masa a gefen baki. Sai aka lura idan zai tashi da safe yakan dogara da ƙafafun gaba, ya jawo na baya kamar na aro. Idanunsa suka yi yana. Sannan wani daren hunturu wasu suka tsallako danga suka ɗauke buhun albasa guda, Duna yana kwance bai fi taku goma daga wurin ba, bai ji motsinsu ba. Da gari ya waye aka ga sawu, maganar ɓarayin ba ta yi nisa ba. Maganar kare aka zauna yi.

Babban ɗan Kawu ya ce, "Baba, karen nan ya gama aiki. A sa shi a buhu in kai shi can gaba da kasuwa in sake shi, mu nemo wani. Karen bana shi ke maganin zomon bana." Wani maƙwabci ya ce ai ba sai an ƙona mai ba, a ɗiga masa fiya-fiya a tuwo kawai. Da labari ya isa gida, matar Kawu ta ce a ƙyale shi, Allah da ya halicce shi shi zai ɗauki abinsa. Kawu ya daɗe bai tanka ba. Daga baya ya ce wa ɗan nasa, "Shekara goma sha biyu ina barci a ɗakina saboda shi. Yau da ya kasa sai in sa shi a buhu? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Waɗannan shawarwari da aka kawo a bakin dangar Kawu su ne makomar mafi yawan tsofaffin karnukanmu, na gadi da na farauta da na garke. Ina ganin lokaci ya yi da za mu dube su da idon basira, don a ganina kare da ya yi maka aiki yana bin ka bashi, kuma lokacin tsufansa ne bashin ke nuna.

Sakin kare a nesa shi ne mafi yawa, saboda shi ne wanda ba ya barin jini a hannun mutum. Ka buɗe buhu, ka hau babur, ka juyo, ka ce wa kanka ai ba ka kashe shi ba. To amma a tsaya a bi shi da tunani. Dabba ce da ba ta gani sosai, ba ta ji sosai, haƙoranta sun zube, an ajiye ta a inda ba ta san warin ko'ina ba. A juji ba za ta iya ƙwatar ƙashi a gaban matasan karnuka ba. Yara za su bi ta da jifa. In ta yi ƙoƙarin komowa gida, wanda kusan kullum shi take yi, titi ne a gabanta. Mutuwar da aka guje wa gani tana nan, an dai miƙar da ita ta yi kwanaki, an kuma kai ta inda ido ba zai gani ba.

Kuma abin bai tsaya ga karen ba. Kare marar ubangida babu mai yi masa allurar rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne, yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi ana iya katse yaɗuwarsa, shi ya sa ake ta wayar da kai duk ranar 28 ga Satumba. Duk karen da aka zubar a bakin kasuwa, an cire shi daga lissafin nan ke nan, an jefa shi cikin yaran wasu.

Guba kuwa, wanda ya taɓa ganin kare ya ci fiya-fiya ba zai ƙara ba da wannan shawara ba. Yawu na dalala, jiki na karkarwa, zawo da amai, numfashi na sarƙewa, dabbar tana sane da duk abin da ke faruwa da ita. Wasu magungunan ɓera ma sai sun kwana da kwanaki suna tsiyayar da jini a ciki kafin rai ya fita. Ragowar tuwon kaji na iya tsattsaga, yaro mai rarrafe na iya kai hannu, mushen kuma ungulu ta ci ta mutu. Akwai kuma masu sayar da tsohon kare ga fatake masu zagaya ƙauyuka, waɗanda ke tara su a keji zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Ba maganar abincin wasu al'ummu nake yi ba, wannan zance ne daban. Tafiyar nake nufi: tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, a cushe cikin keji da wasu, a bayan mota, cikin rana, ba ruwa. Wanda ya tsare maka dukiya ba haka ya kamata ku rabu ba.

Shawarar matar Kawu ita ce mai nauyi, don ta fito daga zuciya mai tsoron Allah, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa. In "a bar wa Allah" na nufin a ci gaba da ba shi ruwa da abinci da inuwa, a wanke masa ciwo, a kore masa ƙuda har ajalinsa ya zo, ba ni da ja ko kaɗan. Wannan hanya ce mai kyau, kuma karnuka da yawa haka suke tafiya, a kwance a inuwar da suka saba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne a daina leƙawa. A ɗaure shi a bayan gida inda wari ba zai iso tsakar gida ba, yaro ya tuna da kaskonsa yau, gobe ya manta, gyambo ya buɗe a ƙugu saboda doguwar kwanciya, ƙuda ya zuba masa tsutsa. Na taɓa ganin kare a wannan hali a wani gida, kunnensa ɗaya tsutsa ta cinye rabi, yana kaɗa bindi da ya ga mai gidan. Tawakkalin da aka koya mana shi ne ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba.

Na san akwai abin da ke sa Bahaushe ya ja baya da zarar an ce kare. A bakinmu sunansa zagi ne. In ya taɓa tufar mutum sai ran mutum ya ɓaci. Amma abin mamaki, mazhabar da muka tashi a cikinta ita ce mafi sassauci a kansa. A wurin Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne na ibada. Hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, wato irin su Duna ke nan. Alƙur'ani ya halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, a Suratul Ma'ida, kuma ya ambaci karen As'habul Kahfi a bakin kogo tare da su. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Karen nan ba nasa ba ne, bai taɓa tsare masa ko akuya ba. To ina ga wanda ya kwana a ƙofarka shekara da shekaru?

Mutanenmu da suka fi kusa da kare sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. Tsohon mafarauci ya san kowane tabo da ke jikin karensa da dajin da aka samo shi. Makiyayi ya san muryar karensa in kura ce ta zo, ya san ta in baƙo ne. A arewacin Nijar da Mali, Buzaye na da dogon karensu siriri na yankin Azawak, wanda ke zama cikin zango tare da su, har Turawa suka kwashi irinsa suka kai ƙasashensu. Ƙyamar da ta yi yawa ta fi ƙarfi a cikin gari, inda ake sayen kare a ɗaure shi a bayan get kamar kwaɗon ƙofa, ba a san shi ba sai da dare.

Kula da tsohon kare ba abu ne mai cin dukiya ba, kuma wannan ne nake so mai karatu ya riƙe. Kare kan yi shekara 10 zuwa 13 in ya samu kulawa, manyan iri irin na 'yan sanda sukan riga ƙanana tsufa. Daga shekara 7 ko 8 ake fara ganin alamu. Abin da Kawu ya yi wa Duna duk talaka zai iya. Ya ɗauke shi daga bakin danga ya dawo da shi gindin mangwaro kusa da bukka. Ya shimfiɗa masa tsofaffin buhuna biyu da tsummokara, don ƙasa mai sanyi ita ke tayar da ciwon gaɓoɓi da hunturu. Ya daina jefa masa busasshen ƙanzo da ƙashi, ya koma jiƙa masa tuwo da romo ya yi laushi, kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Kaskon ruwa ya dawo daidai bakinsa, ba sai ya tashi nema ba. Da yamma yakan zauna ya tsince masa kaska a kunne da tsakanin yatsu, don kaska na sa wa kare zazzaɓin da ke shanye jini, kuma tsoho ba ya jure ta kamar matashi. Ya kuma hana jikokinsa taɓa shi ta baya ba zato, saboda kare da ba ya ji ba ya gani sosai yana iya kai cizo don firgita, ba don mugunta ba.

Kuskure ɗaya ya so ya yi, wanda mutane da yawa ke yi da kyakkyawar niyya. Ya sayo maganin ciwon jiki na mutane a kemis zai murƙushe masa a tuwo. Allah ya sa ya tambaya tukuna. Magunguna irin su Ibuprofen da Diclofenac na iya fasa wa kare ciki su lalata masa ƙoda, Paracetamol kuma in ya wuce kima yana taɓa hanta. Akwai na ciwon gaɓoɓi da aka yi don karnuka, likitan dabbobi ne ke auna shi da nauyin dabbar. Kuma likitocin nan muna da su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, tana yin alluran rigakafi har da ta haukan kare. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana horar da likitocin dabbobi tun shekarun 1960, ga na Sakkwato da Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa. Mun saba kai musu saniya da rago saboda suna da kuɗi a kasuwa. Kare ne ba mu saba kaiwa ba.

Da wannan 'yar kulawa Duna ya ƙara 'yan watanni, kuma watanni ne masu kyau. Yakan fito hantsi ya sha rana, ya bi Kawu a hankali har bakin fangalin farko na albasa, ya kwanta yana kallonsa. Kawu ya samo sabon kwikwiyo, ya bar su tare, ƙaramin na hawa kan tsohon yana jan kunnensa, shi kuwa ko a jikinsa.

Da bazara ta kama sai abin ya juya. Ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana fitsari a inda yake kwance, abin da bai taɓa yi ba. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Bakinsa ya ɗauki wani wari, in ya ci loma biyu sai ya amayar. Ni na je na ɗauko likitan dabbobi a bayan babur. Ya duba dasashinsa, ya ja fatar wuyansa ya saki ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, ya ɗebi jini ya tafi da shi. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce, "Baba, ƙodarsa ce ta gaji. Ƙoda in ta kai nan ba ta dawowa. Zan iya sa masa ruwa ya ɗan ji daɗi na wasu kwanaki, amma ba zan yi maka ƙarya in ce zai warke ba."

Kawu ya ce, "To Likita, yaya zan gane lokacin ya yi?"

Wannan tambaya ita ce mafi wuya a duk lamarin, kuma ba a nan kaɗai ake yin ta ba. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara wani ma'auni a 2004 da likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da dama. Ana duba ko ciwon dabbar na jin magani kuma tana numfashi ba wahala, ko tana ci tana sha, ko ana iya tsaftace ta, ko tana iya motsawa, ko har yanzu tana murna da ganin mutanenta. Abu na ƙarshe a ma'aunin shi ne a kwatanta ranakun daɗi da na wahala, a ga wanne ya rinjaya. Likitan namu bai kawo takarda ba. Cewa ya yi Kawu ya riƙa lura da kowace rana, kada tausayi ko gajiya su yi masa lissafi. Kawu ya samo gwangwanin madara ya rataye a bukka. Ranar da Duna ya ci abinci, ya ɗaga kai, ya kaɗa bindi, sai ya jefa ƙwayar masara. Ranar da ya wuni yana nishi bai ci komai ba, sai ya jefa tsakuwa. Makon farko masara ta fi yawa. A mako na uku da ya juye gwangwanin a tafin hannunsa, tsakuwa shida ce, ba masara ko ɗaya.

Hikimar gwangwanin nan ita ce yana kare mutum daga kansa ta fuska biyu. Akwai mai gaggawa, wanda ya gaji da wankin buhu da warin fitsari, yake so a gama, yana kiran abin tausayi. Akwai kuma mai jinkiri, wanda ba zai iya rabuwa ba, yake riƙe dabbar cikin azaba saboda zuciyarsa shi. A ƙasashen Turai da Amurka wannan na biyun ya fi yawa, inda ake yi wa tsohon kare tiyata bayan tiyata, wani lokaci don amfanin karen, wani lokaci don mai shi ya kasa sallamawa. Mu namu ciwon shi ne na farko. Kare kuma ba ya faɗa da baki, yana ma ɓoye ciwo iyakar iyawarsa, don haka in har ka ji yana nishi to abin ya yi nisa.

Kawu bai yanke hukunci ba sai da ya je wurin malaminsa, kuma na ga daidai ya yi. Mutane da yawa na zaton addini bai ce komai a nan ba, ko kuma ya hana ɗungurungum. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Masu sharhi irin su Shehu Dardiri sun kawo misalin jaki da alfadari, suka bayyana cewa manufar ita ce a hutar da dabbar. Malaman Shafi'iyya ba su yarda da haka ba, a wurinsu a bar ta har ajalinta ya zo. Saɓani ne na malamai masu daraja, kuma wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da barin dabbar ta mutu da kanta yana da madogara, muddin zai tsaya mata da jinya har ƙarshe. Abin da babu malamin da ya ba da hujjarsa shi ne a wofintar da ita. Kuma kada wani ya ɗauki wannan ya kai kan ɗan Adam. Ran mutum hukuncinsa daban ne, ba a hutar da majinyaci da allura, wannan babu saɓani a cikinsa a wurinmu.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Idan likita ya tabbatar babu warkewa, ciwo ya fi ƙarfin magani, dabbar ta daina ci da sha, to hutar da ita ta hanya mafi sauƙi shi ne cikar amanar da ka ɗauka ranar da ka kawo ta gidanka. Hanya mafi sauƙi a yau kuwa ita ce allurar likita. Yakan fara da ta barci, dabbar ta saki jiki. Sannan ya sa maganin sa barci mai ƙarfi ta jijiya, fiye da kimar da ake yin tiyata da ita. Hankali ne ke fara gushewa, sai numfashi, sai zuciya, duka cikin 'yan mintuna. Wani lokaci ido kan zauna a buɗe, ko jiki ya ɗan motsa bayan an gama, likitan kirki zai gaya maka tun kafin a fara don kada ka tsorata. Wannan aikin likita ne shi kaɗai, ba abin da mutum zai gwada da kansa ba.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a fuska. Ana fama da abin da za a sa a tukunya, yara na kwance a asibiti ba kuɗin magani, kai kana rubutu a kan kare? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. In kuɗin hannunka na maganin ɗanka ne, ɗanka ne gaba, babu mai hankalin da zai ce akasin haka. Amma buhu biyu, da inuwa, da kaskon ruwa, da jiƙaƙƙen tuwo, ba su taɓa hana wani yaro magani ba. Kuɗin zuwan likita sau ɗaya bai kai kuɗin tunkiya ɗaya daga cikin waɗanda karen ya hana a sace ba. Kuma ban taɓa ganin tausayi ya ƙare don an yi wa dabba ba. Jikokin Kawu suna tsaye suna kallo lokacin da yake tsince wa Duna kaska. Da buhun aka ɗauko, shi ma suna tsaye za su kalla, kuma su ne za su yi jinyar tsofaffin gidan nan gaba.

Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda ya kai wannan gaɓa shi ne ya tsaya a wurin. Kada ya aiki yaro, kada ya miƙa wa likita igiya ya juya baya. Kare da ya makance ya kurumce, hancinsa bai mutu ba, ya san warin ubangidansa, kuma da shi yake samun natsuwa.

Ranar wata Talata ce da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Likita ya zo da 'yar jakarsa. Kawu ya sa aka mai da yara gida, ya ɗaure kwikwiyon a bayan bukka. Babban ɗansa, wanda ya kawo shawarar buhu, shi ya riga kowa zuwa, ya haƙa rami mai zurfi a gindin danga tun da asuba, don likita ya ce a binne shi da zurfi saboda maganin da ke jikinsa kada wata dabba ta tone. Kawu ya durƙusa, abin da ke yi masa wuya saboda gwiwa, ya ɗora tafin hannunsa a kan Duna, daidai tsakanin kunnuwa. Karen ya ɗan ɗaga hanci ya shinshina hannun rigarsa. Likita ya ce, "Baba, in fara?" Kawu ya yi bisimilla ya ɗaga masa kai.

Ba a fi minti biyar ba. Likita ya sa abin sauraron ƙirji ya daɗe yana saurare, sannan ya cire ya ce an gama. Kawu bai ɗauke hannunsa nan take ba. Da ya tashi, shi da ɗansa suka naɗe shi cikin buhunan da yake kwana a kai, suka sa a ramin, suka mai da ƙasa, suka jera duwatsu a sama. Kawu ya wanke hannu a bakin fangalin albasa, ya ɗauki kaskon ya ɗauraye, ya cika shi da ruwa, ya zagaya bayan bukka ya ajiye wa kwikwiyon.